Ƙusar da Ta Tsayar da Mota

Oulu, Finland

Ƙanena Sallau,

Bayan gaisuwa, yaya Tasalla da jikoki? Da farko bari in gyara labarin da ɗanka Mudi ya ba ku: ba saniya ba ce, kuma ban buge ta ba.

Na so in sa wa jar motata ta tsere irin tayar da ke aiki rani da hunturu, domin bayana, ko da yake lafiya lau nake, ya daina son ɗaukar tayoyi. Maƙwabcina Veikko ya ce, "Haba tsoho, da takalmin rawa za ka hau ƙanƙara? Sayi masu ƙusoshi, ni zan ɗaura maka!" Na saya ina gunaguni.

Ranar Laraba, a hanya mai santsi kamar madubi, wani ƙaton naman daji, wato gwankin ƙasar nan, ya ɓullo gabana, tsayinsa kamar raƙumi, ƙahonsa kamar rassan itace. Na taka birki. Motar ta tsaya daf da shi, har numfashinsa ya rufe gilashina. Ya dube ni a natse, ya wuce abinsa. Allah mai iko!

Na haɗo muku hoton sawunsa, da maganin gwiwar Tasalla, da ƙusa ɗaya da ta fita daga tayar. Ba ta kai ƙwayar wake ba, amma bayan Allah, ita da 'yan'uwanta suka hana a aiko muku da saƙon rasuwata.

Yayanka,
Barau