Shukarmu Ta Ƙone a Gwandu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya mai ɗakinka da yara? Mu lafiya lau, amma hankalinmu a tashe yake.

Ruwan farko ya ruɗe mu, muka shuka gero, sai ya ɗauke, rana ta ƙone tsiron. Baba ya sa muka binne sauran irin a busasshiyar ƙasa, zabi suka tone. Mutanen Kalgo har sun fara noma, mu kuwa hadari na haɗuwa iska ke watsa shi. Baba wuni yake yana kallon gabas.

Ka ce can kullum ruwa ake. Addu'a lokacin saukarsa karɓaɓɓiya ce. Don Allah in ya sauko, kada ka shige ɗaki sai ka roƙa mana.

Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Bello