Sarƙar Inna a Hannun Maƙeri

Litinin, 3 ga Maris, 2003

Yau Malam Hamma ya raba mana gadon Inna. Gona da awaki duk sun rabu lafiya, sai da aka zo kan sarƙarta ta zinare, wadda ta zaɓo da hannunta a Makka. Yaya Dabo na da rabi, ni da ƙanwata Haulatu mu raba rabi. Na ce a bar mini ita, in bar masa rabona na gona. Ya ce a'a. To a sayar? A'a. Wai a yanka, kowa ya ɗauki nasa. A yanka! Sai ka ce kilishi.

Talata, 4 ga Maris

Namiji da zinare, me zai yi da shi? Shi da tun da aka kawo Shari'a yake damun mu da wa'azin haramun ne maza su sa. Na san a wuyan matarsa Sadiya za ta ƙare, ita da ko ɗan kunnenta ba ta iya adanawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Wa ya wahala da sarƙar nan in ba ni ba? Duk Juma'a ni ke jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu, in bi ta da tsohon buroshi, in tsane ta, in naɗe a farin ƙyalle. Bakina har ya gaji da cewa, "Inna, turare na dusashe zinare." Sai ta yi dariya, ta ƙara shafa humra a wuya. Da ciwo ya kwantar da ita ma hana ni wankewa ta yi.

Haulatu wai in yi haƙuri. Ita komai haƙuri!

Asabar, 8 ga Maris

An yanka. Maƙerin kasuwa sai da ya dubi Yaya ya ce, "Malam, ka tabbata? Aikin nan ba a samun irinsa yanzu." Yaya ya ɗaga kai kawai. Ƙarar almakashin har cikin haƙorana. Nawa ko wuyan hannuna bai zagaye ba.

Ina dawowa na wanke abina fes, har sau biyu, don kada zufar hannun kowa ta zauna a kai. Ban yi wa Yaya sallama ba. Allah ya isa ne kawai ban furta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ga Sadiya a gidan suna a Sandamu. Wuyanta wayam. To ina Yaya ya kai sarƙar?

Juma'a, 21 ga Maris

Yaya ya biyo ta gidana bayan masallaci. Na ba shi ruwa don dole. Da ya sunkuya sai ƙullin hankici ya faɗo daga aljihun gabansa. Sarƙar ce a ciki, ta dusashe kamar tagulla. Na ce, "Yaya, dubi yadda ka mayar da ita! Kawo in wanke." Ya yi wuf ya riƙe.

"Rabi, kada ki sa mata ruwa. Shinshina ki ji."

Humrar Inna. Tana nan daram, kamar yanzu ta fita daga ɗaki.

Bayan ya tafi na kwance farin ƙyallena na kai hanci. Sabulu kawai.

Har yanzu ina nan kan bakana, bai kamata a yanka ba. Na dai ce masa ya riƙa biyowa ran Juma'a, ina dama fura. Kuma ya riƙa zuwa da hankicin.