Makullin da Nasidi Ya Mayar

Ƙauran Namoda,
21 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga Yayana Kamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Firdausi da yara, ya kuma ba ku haƙurin ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, gero ya fara fid da kai a gonar gida. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma zaga dangi tana yi musu faɗa, ka san wannan ita ce alamar lafiyarta. An yi sunan jaririyar da matata Rukayya ta haifa, ta ci sunan Inna, muna kiran ta Alheri.

Na san an shaida maka ta waya cewa an ga motarka, amma layin yana ta yankewa, rabin labarin kawai ka ji. Ga shi nan duka, kuma a ƙarshensa akwai abin da nake roƙon ka.

Tun watan jiya unguwarmu take cikin zullumi, domin an shiga gidaje biyu da rana tsaka. A zauren Malam Wakili tela, ana masallacin Juma'a, aka kwance kan keken ɗinki aka bar masa ƙafafun. A gidan Hajiya Hindu kuwa, tana wurin biki, aka ɗauki gero da man gyaɗa, aka bar rediyonta sabo ful a kan gado. Kafin mu tafi hutu na kai maganar aji. Na ce wa ɗalibaina kada kowa ya ambaci sunan kowa, su gaya mini dalili kawai. Ai kuwa aji ya kaure. Wasu suka ce yunwa ce, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, kuma wanda ya bar rediyo ya ɗauki gero ba sana'arsa ce sata ba. Wani ya ce shi kuwa mai keken tun kafin ya shiga ya riga ya san wanda zai saya. Wata shiru-shiru da ke zama a baya ta tambaya yadda aka yi baƙo ya san Hajiya a ƙarƙashin turmi take ajiye makulli. Na ji daɗin yaran nan ƙwarai. Muka tashi a kan cewa ɓarayi ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da mutum ya bari yana faɗin dalilinsa kamar abin da ya ɗauka. Na fito ina jin kaina babban masani, ban san nawa darasin yana tafe ba.

Ranar Alhamis, goma ga wata, na ɗauki fijonka na tafi kasuwar Shinkafi sayen ragon suna. Na aje ta gindin wata bishiyar darbejiya inda motoci suke jeruwa, na kulle, na shiga kara wurin masu sayar da dabbobi. Bayan la'asar na fito ina jan rago, babu mota babu dalilinta. Na zaga har sau uku. Akwai wata farar fijo can gefe, na duba lambarta na ga ba tamu ba ce, na wuce. Haka na kai rahoto wurin 'yan sanda, na dawo Ƙaura a motar haya, ni da ragon a kujerar baya, yana kallona kamar shi ma ya san na yi abin kunya.

Kafin magariba gida ya cika, kowa da bayaninsa. Kawu ya ce tuni ta bi ta Jibiya ta haye Maraɗi, gobe za a sake mata fenti. Wani ya ce a'a, yanzu farfasa su ake yi a sayar da kayan ɗai-ɗai. Gwaggo Lami ta ce hassada ce tsagwaronta, tun ranar da ka kawo motar wasu ba su sake yi mana sallama da sakin fuska ba. Ana cikin haka wani ya tuna ya ga Nasidi bakanike, mijin Mariyarmu, a kasuwar ranar, kuma kowa ya san shi ke riƙe da makulli na biyu tun da ka tafi. Daga nan magana ta juya. Da safe aka kira ka, ka ce a faɗa wa 'yan sanda sunansa, aka faɗa, suka zo garejinsa suka tafi da shi a gaban abokan aikinsa da masu kawo gyara. Ba na ganin laifinka kai kaɗai, Yaya. Ina tsaye aka yi, ban hana ba.

Ka san yadda gari yake tun da aka ƙaddamar da Shari'a a farkon shekara. Alƙali bai ga takarda ba tukuna, amma a teburin mai shayi har an gama shari'a ana gardamar ko hannun dama ne ko na hagu. Maganar ta kai kunnen Mariya. Ta zo gida da goyo, ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙofar ɗakina ta ce tunda ni malami ne, in gaya mata abin da mijinta zai yi da motar da shi ya fi kowa sanin ciwonta.

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne, Yaya, kada ka ji haushi, motar nan sai an lallashe ta take tashi. Shekara uku tana kwana garejin Nasidi duk lokacin da ta yi gardama. In kayanta yake so, da ya musanya su ɗaya bayan ɗaya, ba mu da idon ganewa. In kuwa masu hayewa da motoci ne, ga sababbi jere a wurin, me zai kai su ga tsohuwa? Na juya ta kowace fuska, ban ga wanda satar za ta amfana ba. Sai na tuna farar fijon da na raina.

Ranar Asabar na koma Shinkafi. Kasuwa ta watse, fili fetal, amma tana nan inda na gan ta, ganye ya zuba a kanta. Sarkin tasha ya ce ta Alhaji Maigari ce, wani dattijo mai fataucin hatsi daga Zurmi, kuma shi ma yana mamaki, don Alhaji bai taɓa barin ta ta kwana ba. Na nemo kofur ɗin da ya rubuta rahotona, a gabansa na zura makullinmu a ƙofar. Ta buɗe. Na murza, ta tashi. Kofur ya dafe kai, sarkin tasha kuwa ya ce ai tsofaffin fijo haka suke, in makulli ya cinye ko cokali ka sa sai ta amsa.

Muka kama hanyar Zurmi a motar Alhaji. Ga taka nan a ƙofar gidansa, an wanke ta tas, an ɗora mata buhunan dawa. Da ka ga su a jere da ba ka zarge shi ba: fenti ɗaya, rigar kujeru iri ɗaya, carbi a madubi, har takardar murnar Shari'a da kowa ya manna a gilashin baya bana. Alhaji ya fito, da aka yi masa bayani ya rantse ya maimaita cewa shi bai taɓa duba lambar mota ba tun da ya saye ta, motarsa dai fara ce kuma makullinsa yana buɗe ta. Ya ce ya lura tana jan hanya fiye da kullum, ya ɗauka sadakar da ya yi ranar Laraba ce ta karɓu. Daga cikin gida matarsa Hajiya Gimbiya ta ɗaga murya ta ce ai ta gaya masa ƙofar gefenta da ta shekara ba ta buɗuwa ta ciki yanzu tana buɗuwa, ya ce mata ta gode wa Allah ta daina bincike. Kofur ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma da Alhaji ya ji akwai mutum a tsare saboda shi, sai fuskarsa ta canza. Ko tuwon da aka kawo bai bari mun ci ba, ya ce mu tashi. Shi da kansa ya tsaya gaban babban jami'in ya ce in akwai ɓarawo to ga shi, a saki bawan Allah.

Nasidi ya kwana gidansa ranar. Alhaji ya ba shi haƙuri har da cire hula, ya kuma ce daga yau shi zai riƙa duba masa mota, tunda ya ɗanɗana aikinsa kwana biyu ya ji bambanci. Waɗanda suka shiga gidajen unguwa dai har yau ba a san su ba, sai dai mai unguwa ya sa an bi gidajen da hatsinsu ya ƙare an taimaka musu, Hajiya Hindu kuma ta sake wa makullinta maɓoya, ta kuma gaya wa kowa inda ta sake.

Yanzu ga roƙona. Washegari Nasidi ya zo ya gaida Inna, ya aje makullinka a kan tabarma, ya tafi. Garejinsa ya yi shiru, domin labarin kamu ya fi labarin saki saurin tafiya. Na kai masa motar da kaina da hantsi, lokacin da titi ya cika, na ba shi haƙuri a gaban kowa, na miƙa masa makullin. Ya ƙi karɓa, ya ce ni ya yafe mini, amma ba ni na ba shi amanar ba, ba kuma ni na ce a faɗi sunansa ba. Ka ga gaskiyarsa. Don Allah ka rubuto masa da hannunka, ba saƙon baki ba, ba kuma ta waya ba, takardar da zai iya nuna wa mutane. Layi biyar ma ya isa. Direban da ya kawo maka wannan zai juyo ranar Litinin. Mariya ba ta sake tako gidan nan ba tun ranar da ta yi mini tambayar nan, ko sunan Alheri ba ta zo ba, Inna kuma kullum sai ta tambaya. Makullin yana aljihuna, ba zan taɓa motar ba sai amsarka ta iso.

Ka gaida Anti Firdausi, da Mujahid, da Nusaiba, ka ce mata ina jiran sakamakon jarrabawarta. Inna, Kawu, Gwaggo Lami da Rukayya duk suna gaishe ku. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ƙanenka mai ƙaunarka,
Nuruddeen.