Amanar Ɗan Bakassi

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Ni ce Saloma Haggai, 'yar aji biyar a sakandare, a nan Zuru. Ina rubuta wannan a watan Maris na 2007, da hannuna, da hankalina cikakke. Allurar safe ta riga ta sake ni, saboda haka kada wani ya ce magani ne yake magana.

Theresa, Aaron da Success, da ku nake. Ban haife ku ba, amma tun da Mama ta rasu, aka kuma tura Baba Darfur da bataliyarsu, ni ke yi muku wanka da wanki da faɗa, don haka ina ganin ina da ikon barin wasiyya kamar kowace uwa. Gobe za a kai ni asibiti a Sakkwato. Wannan tashin na sikila ba irin wanda na saba ba ne. Na ga likita ya ja Gwaggo Rabi waje ya rage murya, na ga ta dawo tana wata fara'a da ba halinta ba. Ba wanda ya gaya mini komai, shi ya sa na gane.

Na ɗaya. Theresa, kayan makarantata naki ne, da Littafi Mai Tsarki na Mama. Aaron, ka ɗauki akwatin lissafina, amma ka daina goge kunne da kamfas. Success, zanen Mama mai ruwan ganye naki ne, a ajiye miki sai kin girma.

Na biyu. Littafin Bayoloji da ke ƙarƙashin matashina na Khairunnisa ne, 'yar ajinmu. A mayar mata. Babbar kwalbar alewa da ke lungun randa kuwa aro ce daga Asama'u mai shago. Ku je ku roƙe ta ta bar muku ita har Baba ya dawo. Ku je da kanku, kada ku aiki kowa, don ban san abin da ɗan aike zai faɗa a can ba.

Na uku, kuma dalilin duk wannan rubutu, shi ne tsiron nan namu, Ɗan Bakassi. Success ba za ta tuna zuwansa ba. Baba ne ya zo da shi daga dajin kudu, lokacin da ya yi aikin soja a Bakassi, a cikin gwangwanin madara, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar singileti, ya riƙe shi a cinya tun daga can har tashar Zuru. Mama ta yi dariya, ta ce mazan mutane suna kawo rediyo, nata ya kawo ciyawa. Duk da haka ita ce ta riƙa tashi da safe tana duba shi. Malamarmu ta Bayoloji ta ce kulobmos ake ce masa, kama yake yi da gansakuka amma ba ita ba ce. Ran da Baba zai tafi Darfur bai ce mini in kula da gida ba. Tsiron ya nuna mini, ya ce ya dawo ya same shi kore. Ina so ya same shi haka, ko ina nan ko ba na nan.

Ku gane abu ɗaya: ba ƙasar gwangwaninsa kaɗai ke son laima ba, iskar da ke kewaye da shi ce. Iskar garinmu kuwa a rani busasshiya ce ƙayau. Shi ya sa yake zaune a kan farantin tsakuwa, an kife kwalba a kansa, a lungun randa inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓa shi. Ruwan farantin ya tsaya ƙasa da saman tsakuwar, kada gindin gwangwanin ya jiƙa, in ba haka ba saiwarsa ta ruɓe. Da safe ku dubi jikin kwalbar. In ta yi ɗan gumi kamar an hura mata numfashi, lafiya lau. In gumin yana gangarowa, ku tokare bakinta da tsinke ta sha iska kaɗan. In kun gan ta garau babu gumi ko kaɗan, to an yi ɓarna. Idan bakin ganyen ya nannaɗe ya yi ja, kada ku tuttula masa ruwa. Ku ƙara na faranti, ku jiƙa buhun da ke rataye a taga. Ruwan sama ya fi so, in babu sai na randa da ya kwana. Da damina ta zauna kuna iya cire kwalbar da rana.

Na huɗu. Akwai mai buɗe kwalbar nan. Duk lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, in na dawo sai in tarar an jingine ta gefe, jikinta a bushe, ganyen ya fara ja. Ban taɓa faɗa ba, don kun san ni da nauyin baki, amma na daɗe ina lura. Success ba za ta iya ɗaga ta ba. Aaron ya taɓa tambayata ko kifi zai rayu a cikinta, kuma ban manta ba. Theresa ta taɓa cewa na fi son ciyawa a kan mutane. Madam Hannah, shugabar zumuntar mata ta cocinmu, ta zo yi mini addu'a, bayan tafiyarta na ga maiƙon man zaitun a ganyen, sai da na bi shi da auduga. Ban ce da mugun nufi ta yi ba, amma ba ta tambaye ni ba.

Sai Gwaggo. Tun da ta baro garin Kanya ta zo zama da mu take kiran tsiron nan baƙon da bai yi sallama ba. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa tun da ya shigo ciwo bai fita daga gidan ƙanenta ba, wai danshinsa ne ke shiga ƙashina. Kullum ta kawo mini kaskon garwashi, kusa da randa take dire shi, alhali gadona yana ɗaya bangon. Ban gan ta da idona tana buɗe kwalbar ba. Na dai san kasko ba ya tafiya da ƙafarsa.

Na biyar. Theresa da Aaron, ku daina zargin juna a kan kwalbar. Theresa, sunan nan da kika kira Gwaggo da shi a bayan ɗaki, kada ki sake. Ita ta bar gonarta da mijinta, ita ke danna mini ƙafa in ciwo ya tashi. Zargin nawa ne, ni zan tafi da shi.

Na shida, wannan ku riƙe shi da kyau. Kun ga abin da aka yi da Mama ta rasu. Kafin a gama kukan farko mata sun buɗe ƙofa da taga, sun kwashe duk abin da ke ɗakinta sun baza a rana, an hura wuta a tsakar gida don abincin masu makoki. Haka za a yi wa ɗakina. Wuni ɗaya a zafin ranar Maris ya ishi tsiron nan mutuwa, kuma ba wanda za a kama da laifi, sai a ce al'ada ce. Ina jin akwai mai jiran wannan rana. Saboda haka da zarar labari ya iso, Theresa, kafin ki yi kuka, ki ɗauki farantin da kwalbarsa ki kai ɗakin ajiya, bayan buhunan dawa, ki kulle. Kukan ba zai gudu ba.

Na bakwai. Theresa, wannan za ki karanta da ƙarfi a gaban Madam Hannah da mijin Gwaggo: Ni Saloma na bar Ɗan Bakassi amana a hannun Gwaggona Rabi, ita kaɗai, har ta miƙa wa ƙanenta Haggai hannu da hannu.

Abin da ke biye kuma kada ki karanta a fili. Na san za ku yi mamaki. Gwaggo tana tsoron tsiron nan, amma ta fi tsoron amanar mamaci, don na ji ta sha faɗin cewa ita ce abin da ba a yafewa a lahira. In na bar wa ɗayanku, hannun da ke buɗe kwalbar zai ci gaba. In na bar mata, ko ita ce ko ba ita ba ce, za ta tsare shi fiye da kowa. Sannan ba ta iya karanta gumin kwalba ba, dole ta nemi ku. Tsiron kuma ba zai jure tafiya Kanya a kan babur cikin wannan zafi ba, dole ta zauna a nan. Na ji ana shawarar a kai Aaron wurin Kawu a Dirin Daji, a tafi da ku mata Kanya. Muddin tsiron yana lungun randa, wannan shawara ba ta da hanya.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku daga ciwon da ya same ni, ya dawo da Baba lafiya. Ya sa wa Gwaggo albarka, ya yafe mini in na zarge ta a banza. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a rufi ɗaya, kada ku yarda a raba ku ko da da daɗin baki ne. Amin.

Theresa, kafin ki ninke takardar nan, tashi ki dubo kwalbar.

Yayarku,
Saloma