'Yar Bishiyar Kafilina

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Kafilina, wato maigidan da ya tsaya min a ƙasar nan, ya yi tafiya, ya bar min kula da wata 'yar bishiya a tukunya, a ofishinsa na unguwar Ulaya. Na gan ta a karkace, ɗaure da waya. Tausayi irin na manomi ya kama ni, na kwance ta, na juya gefe mai ganye ya kalli ƙofa. Yau mai shara ya ce karkacewar ce adonta, shekaru kafilin ya yi yana lanƙwasa ta. Reshe ɗaya ya riga ya miƙe.

Gobe kafilin zai dawo, kuma iƙamata, takardar izinin zamana, na hannunsa. Ka gaishe da kowa. Inna ta sa ni a addu'a, amma kar ka ce mata a kan bishiya ne.

Ƙaninka,
Musa