Bakinki Yana Motsi, Inna

Zuwa ga Inna, bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Jiya na sake kallon kaset ɗin bidiyon sunan jikarki Hadiza, wanda aka ɗauka a gidanmu na Gangara, shekarar da ƙanenki Kawu Sani ya dawo daga Arlit da kamera a kafaɗa.

Batirinta ba ya jimawa, sai aka tayar da injin wuta a gindin rumbu, dab da inda kike zaune. Kawu ya gargaɗe mu cewa kunnen kamerar a jikinta yake: na kusa take ji, na nesa sai dai a ga bakinsa. Ni kuwa sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, kai ya kumbura, na manne masa kamar kaska ina ta zuba Faransanci, ba wanda ya tambaye ni.

Ni ne ɗanki na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Wancan" kike cewa, ko da ina tsaye a gabanki.

Akwai inda kika ɗaga kai, kika dubi kamerar, bakinki ya motsa. Sai bayan rasuwarki Gwaggo Rabi, da ke gefenki ranar, ta gaya mini a nan kika ambaci sunana, kika sa mini albarka. Kin ɗauka na'urar za ta ajiye mini abin da kunya ta hana ki faɗa ido da ido.

Ba ta ajiye ba, Inna. Rurin inji ne, da shuuu ɗin kaset, sai muryata a sama tana bayanin ragon suna. Har Damagaram na kai wa mai gyara. Ya ce abin da bai shiga ba, ba ya fitowa.

Hadiza ta girma. Jiya muna kallon kaset ɗin tare, ta tambaye ni yadda muryarki take. Kunya ta kama ni, na kashe sautin gaba ɗaya, muka zauna muna kallon bakinki. Na yi kewarki, uwata.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu inda babu hayaniya, in rufe bakina in saurare ki.

Naki har kullum,
Wancan