Tsatsa a Kejin Gidan Odalys

Litinin, 11 ga Agusta

Ina karyawa a bakin tafkin wankanmu sai na ji ƙwas a kan tebur. Kan sukuru ne ya faɗo daga saman kejin da ya rufe tafkin, tsatsa ta cinye shi. Na yi wuf na jefa shi aljihu kafin Verna ta gani. Ta gani. Shekara arba'in da ɗaya da aure, ko tari ban taɓa iya ɓoye wa matar nan ba.

"Wendell, kejin nan fa ya tsufa."

Na ce ke ma kin tsufa, na canza ki? Ba ta yi dariya ba.

Ni na kafa shi da hannuna shekara ashirin da uku da suka wuce. Sandunan alminiyom, raga sama da gefe, ba sauro, ba ganye, ba macijin da zai faɗo mana ruwa. Shekara talatin da huɗu ina kafa wa mutanen garinmu Cape Coral kejin tafki kafin kafaɗa ta zaunar da ni. Yau kuma a gidana za a koya mini.

Alhamis, 14 ga Agusta

Takardar tallan Hutto mai kafa keji a akwatin wasiƙa, har da hotonsa yana washe haƙoran roba. Wai raga shekara goma, sanduna shekara ashirin in kana kusa da ruwan gishiri, daga nan a kira shi ya canza. Mutumin da muka fara hawa tsani tare, ko awo bai iya ba. Na naɗe ƙayar kifi da ita.

Asabar, 16 ga Agusta

Odalys maƙwabciyarmu ta kira ni ta kan shinge. Ita ma an jefa mata takardar. Ni na kafa nasu kejin, wata ɗaya da nawa.

Reinaldo mijinta na cikin kejin kamar kullum, a keken guragu, ƙarƙashin babbar sandar tsakiya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, nan ce duniyarsa. Odalys takan turo shi da hantsi, sai la'asar ta mayar da shi. Yana kallon jiragen kamun kifi suna wucewa ta mashigin bayan gida. A waje sauro zai cinye shi ɗanye, ga shi ba hannun kora.

Ta ce, "Maƙwabci, na ce wa Reinaldo aikin Wendell ne, sai ya binne mu bai motsa ba. Amma duba mana, hankalina ya kwanta."

Na duba. Jan zanen tsatsa ya gangaro daga kowane sukuru. Ƙofa ta saki, tana jan ƙasa. Na dafa sandar kusurwa, duk kejin ya amsa.

Na ce, "Garau yake. Hutto neman aiki yake yi."

Ta haɗo ni da burodin gwaiba a faranti. Na cinye shi tas, don rashin kunya.

Laraba, 20 ga Agusta

Verna ta tafi gyaran gashi, na hau tsani a namu. Sukuru shida na taɓa, huɗu suka karye a hannuna kamar biskit. Ramin kowanne ya buɗe, alminiyom ɗin ya koma farin gari.

Na san abin da ya faru, ba yau na sani ba. Baƙin ƙarfe a cikin alminiyom, ga iskar gishiri, cin juna suke yi a ɓoye. A shekarar da na kafa kejin nan biyu aka fara kawo sukurun da ba ya tsatsa. Hutto ya koma amfani da shi. Ni kuwa na tsaya a shagon kayan gini, gaban mutane, na ce dabarar 'yan kasuwa ce, fenti mai kyau ya ishi kowane sukuru. Har na kira shi matsoraci, aka yi ta dariya. Shekara uku na ƙara ina ɗaura baƙin ƙarfe don kada a ce na bi bayansa. Da na canza ma a ɓoye na canza.

Ba wanda ya san wannan. Ko Verna. To, wataƙila Verna.

Lahadi, 24 ga Agusta

Coci. Ban ji komai ba. Kafaɗa.

Talata, 2 ga Satumba

Na yi abin da ban so rubutawa. Odalys ta kai Reinaldo asibiti, na shiga da gwangwanin fenti na bi kan sukurunsu ɗaya bayan ɗaya, na shafe jan zanen nan. Na ce wa kaina kariya ce. Kariyar me, Wendell? Abin da ya ruɓe ta ciki?

Ta dawo ta gani, har da tafi. "Reinaldo, dubi, ya koma sabo! Allah ya bar mana kai, maƙwabci." Reinaldo bai iya magana sosai yanzu, amma shekara talatin ya yi yana gyaran injin jirgin ruwa. Ya san tsatsa. Ya ɗaga ido sama, ya sauke a kaina, ya daɗe.

Tir da ni.

Litinin, 15 ga Satumba

Guguwa ta taso a teku. Masu hasashen yanayi sun ce ko ta bugo nan ranar Juma'a, ko ta yi arewa. Kullum haka, su dai ba sa faɗuwa.

Laraba, 17 ga Satumba

Layin mai har titi, ruwan gora ya ƙare a kanti. Unguwa kowa ya hau tsani da reza yana yanke ragar kejinsa, don iska ta wuce ta bar sanduna a tsaye. Ni ne na shekara talatin ina yi wa masu yin haka dariya. Duk wanda na yi wa aiki sai na ce masa, kejin Wendell Purvis ba a sa masa reza.

Odalys ta riƙe maganar kamar karatun coci. Na ji tana gaya wa mutumin tsallaken titi, "Mu ba ma yankawa." Ɗakin kwanan Reinaldo kuwa ƙofar gilashinsa cikin kejin take kallo. In sandar tsakiya ta tashi, ta nan za ta shiga. Ko ba guguwa ma, wata rana da hantsi za ta sauko da kanta, shi yana ƙasa.

Verna na jera gwangwanayen abinci, ba ta ko juyo ba ta ce, "In ba za ka je ba, ni zan je. Sai dai ni ban san sunan abin da ka yi ba, kai ka sani."

Na ce ta fita harkata. Na fita na yanke tamu ragar, ina yi ina zagin Hutto, shi da bai yi mini komai ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na je gidan Odalys.

Na so in fara da guguwa, in ce wannan ta fi ƙarfin kowane keji. Da ta yarda, da na tsira da sunana. Sai Reinaldo ya sake yi mini kallon nan. Na hau tsani, na murɗe sukuru ɗaya daga sandar da ke saman kansa, da yatsu kawai, ba sukundireba. Na sauko na zuba mata garin a tafin hannu.

Na ce duka haka suke. Na ce laifina ne tun ranar farko. Na ce raga za ta fita yau, kuma ko guguwa ta zo ko ba ta zo ba, kada ya ƙara zama a nan sai an rushe an kafa sabo.

"Ranar da na ce ka duba, ka sani?"

Na ce na sani.

"Fentin fa?"

Ta buɗe hannu, garin ya zube ƙasa.

"Wata guda, Wendell. Wata guda ina turo mijina ƙarƙashin abin nan kullum, ina gode maka." Ta faɗi wasu maganganu da yarensu na Kuba, gara da ban ji ba. Ta juya keken ta shige da shi, ta ja labule.

Na yanke ragar ni kaɗai, falle ashirin da biyu. Ni na ja kowanne da hannuna lokacin ina da kafaɗa. Reza ta bi su kamar takarda.

Asabar, 20 ga Satumba

Ta yi arewa. Ko kujerar roba ba ta faɗi a unguwar nan ba. Yayyafi da 'yar iska, shi ke nan.

Da na yi shiru da yanzu ina nan da mutuncina. Na rubuta don haka nake ji, ba don daidai ba ne.

Talata, 23 ga Satumba

Reinaldo na bayan gilashi. Daga kicin ɗinmu ina hango shi, an jingina keken da ƙofa, labule ya rufe rabin mashigin. Odalys ta gan ni wajen kwandon shara, ta kalli kwandon.

Mutumin tsallaken titi kuma da bakinsa kamar rediyo: "A'a, Mista Purvis, ashe kejin naka ma yana jin reza?" Na ce yana ji, kai ma matso ka ji.

Litinin, 29 ga Satumba

Na buga wa Hutto. Sau uku ina ajiye wayar kafin ta shiga. Na shirya wa dariyarsa, na tanadi amsa mai zafi. Bai yi ba, ɗan banza, ko wannan bai bar ni na samu ba. Ya ce, "Kafaɗar fa?" Na ce tana nan. Ya ce zai sa gidan Odalys a gaban layi, namu ya jira Nuwamba. Na ce namu ya jira har Kirsimeti, ba mai zama ƙarƙashinsa sai tsofaffi biyu masu ƙafa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sun rushe shi cikin awa biyu. Ba su ma kwance sandar tsakiya ba, mutum ɗaya ya girgiza ta sau biyu ta taho. Odalys na tsaye tana kallo, hannu a baki. Ba ta dube ni ba, ni ma ban nema ba.

Hutto ya matso yana goge wuya, ya yi ƙasa da murya. "Wendell, gida nawa ka yi da irin wannan sukurun?"

Na ce wa zai tuna aikin shekara ashirin.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Goma sha tara ne waɗanda har yanzu suke tsaye. Na san kowanne har launin ƙofarsa.

Na fita sayen maganin kafaɗa, hanya ta bi da ni ta gaban na farko. Ba wai zuwa na yi ba. Wata matashiyar mace ce a gidan yanzu, ban san ta ba, ita ma ba ta taɓa jin sunana ba. 'Yan biyunta mata suna ta tsalle a ruwa, sandar tsakiya a saman kansu. Ta ce, "Lafiya, Baba? Wa kake nema?"

Na ce ni ne na kafa kejin nan, ko za ta fito da yaran tukuna.

Maganin ban sayo ba. Gobe, in na fita ta wajen gada, inda gida na biyu yake.